Sunan Baba Bai Motsa Ba

Shekara talatin da ɗaya Baba Direba ya yi yana jan doguwar motar haya, ba wanda ya taɓa tambayarsa inda ya tsaya ko inda ya kwana sai matarsa Malama, ita ma ɗin da dariya take tambaya. Sai ga shi da tsufa, Malama ta rasu, yana zaune a gidan da ya gina da guminsa, amma ba shi da ikon yin nisa da ƙofar gida sai waya ta yi ƙara.

"Baba, ina ka shiga tun ƙarfe tara? Yanzu fa ɗaya ta wuce."

'Yarsa ce. Ita kaɗai Allah ya ba su, sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata. Aikin ba da magani take yi a wani asibiti can ƙarshen gari, ga miji ga 'ya'ya uku, amma duk wannan bai hana ta sanin fitarsa da dawowarsa ba, har da minti. Wata huɗu da suka wuce jiri ya kwashe shi a bakin titi ya faɗi, likita ya ce hawan jini ne, a rage zirga-zirga. Shi ke nan fa, Uwata ta samu abin riƙewa. Masallaci da shagon unguwa ta yarda, abin da ya wuce nan kuwa babu. Kuma ta faɗa masa ƙiri-ƙiri, in ya ci gaba da dogon yawo za ta kwashe shi ya koma gidanta.

Baba ya san ɗakin da ake nufi. Hawa na uku ne, taga ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. A nan gidansa kuwa ga bishiyar lemon da Malama ta dasa, ga kujerarsa a inuwa, ga ɗakinta yadda ta bar shi. Wallahi ya gwammace a hana shi abinci da a raba shi da gidan nan.

To amma dogon yawon ma ba na banza ba ne. Akwai tsohon kwandastansa da suka yi shekara ashirin da shida tare, wanda duk tasha ta sani da Saura Ɗaya, saboda ko motar wayam take haka zai tsaya yana kwarara ihu wai saura mutum ɗaya. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, bakin da ya cika tasha ya karkace, yana kwance a ɗakin ƙanwarsa, mota biyu ake hawa kafin a isa. Baba ne ke zuwa ya yi masa aski, ya yanke masa farce, ya zauna yana ba shi labarin tsofaffin hanyoyi. Sau ɗaya ya ɗauko maganar zai yi wa Uwata bayani, bai kai ga ambaton suna ba ta tare shi: "Baba, ko wa za ka gani, likita ya ce a'a." Tun daga ranar ya ja bakinsa ya tsuke.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wa ke kai rahoto. Ya zargi mai shagon unguwa, har kwana biyu yana amsa gaisuwarsa a daƙile, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ya zargi matar maƙwabcinsa mai yawan leƙe ta taga. Ya gwada barin wayar a gida, Uwata ta kira sau bakwai ba a ɗauka ba, ta baro aiki ta zo a guje, ranar ya sha faɗa kamar ɗan makaranta.

Matsalar caji ce ta kai shi wurin Injiniya. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, shagonta a ƙarƙashin matakalar wani bene a kasuwa, faɗinsa bai wuce a shimfiɗa tabarma biyu ba, ko'ina gawarwakin wayoyi da kwamfutoci. Tana tone ƙura daga ramin cajin da ɗan tsinke, shi kuma yana zuba mata ƙorafi, don Baba in ya samu kunne ba ya saki.

"Akwai akwatin wayfai a gidan?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Akwai. Ita ta sa mini, wai don in riƙa ganin jikoki a waya."

Injiniya ta yi dariya har ta ajiye tsinken. "To Baba ka je ka nemi gafarar mai shago. Ɗan rahoton naka a falo yake, a kan kabad."

Ta juya masa wayar, ta shiga nan ta shiga can, ta nuna masa wani layi na haruffa da lambobi goma sha biyu, bibbiyu bibbiyu. Ta ce kowace waya da kowace kwamfuta da irin wannan take fitowa daga masana'anta, su a sana'arsu adireshin MAK suke ce masa. Duk lokacin da waya ta shigo gida sai ta nuna wa akwatin wannan lamba kafin ya ba ta hanya, in ta fita kuma ya rubuta ta fita. Wanda ya saita akwatin yana iya laƙaba wa lambar suna, ya zauna ko a ina yake yana kallo a wayarsa.

Baba ya gyara zaman tabarau ya ƙura wa layin ido. "Kai! Ashe lambar mota ce."

"Ita ce sak."

"Akwatin kuma ɗan kamasho ne a bakin tasha, yana rubuta wadda ta shiga da wadda ta tashi."

"Baba ai ka fi ni iya bayanin."

Daɗi ya kama shi, don an shigo fagensa. Ya tambaya ko ana cire lambar. Ta ce ana ɓoye ta, wayar ma da kanta tana da wurin da za a taɓa ta riƙa nuna lambar aro, kuma mutane da yawa suna yin haka don kada duk inda suka shiga a riƙa bin sawunsu. Sai dai ta ce ya yi tunani: in lambarsa ta ɓace ɗungurungum, 'yarsa za ta ga kamar ya fita bai dawo ba, kafin la'asar ta tara masa jama'a.

Baba ya shafa gemu. Mutumin da ya yi shekara talatin a tasha ba ya rasa dabara, ta kirki da wadda ba ta kirki ba.

"In aka ɗauki lambar tawa aka manna wa wata motar da ke fake a gida fa?"

Injiniya ta dube shi ta saman gilashinta. "Akwai kwamfuta a gidan?"

Akwai ta Malama, 'yar ƙarama wadda take shirya darasin ɗalibanta a kai, tana cikin durowa naɗe da ɗankwali tun bayan rasuwarta. Washegari ya kawo ta a jaka, yana riƙe da ita kamar jariri. Aikin bai kai minti ashirin ba. Injiniya ta kwafe lambar wayarsa ta sa wa kwamfutar, wayar kuma ta kunna mata lambar aro, don a cewarta mota biyu ba sa hawa titi da lamba ɗaya. Ta ce wayar za ta riƙa bayyana a matsayin baƙo marar suna, tunda kuma rabin maƙwabta sun san kalmar sirrin wayfai ɗin gidan, ba wanda zai kula.

Da za ta miƙa masa sai ta riƙe jakar. "Baba, ɓoye lambarka haƙƙinka ne, ba wanda ya isa ya ce don me. Amma wannan na biyun ba ɓoyewa ba ce, magana ce za ka riƙa faɗa wa 'yarka kullum, kuma ba gaskiya ba ce. Ni gyara na iya, ban iya gyaran wannan ba in ya ɓaci."

"'Yata, ni na haife ta. Na san kayana."

"To shi ke nan. Ka bar ta a kunne, a jikin caji."

Ai kuwa Baba ya riƙe wannan umarni da hannu bibbiyu. Ya ajiye kwamfutar a teburin ɗakin Malama, ya jona ta, ya ja ƙofa. Washegari ya yi wanka ya sa hula ya fita da ƙarfe tara, yana jiran waya. Har ya hau mota ta biyu shiru. Ya yi wa Saura Ɗaya aski tsaf, ya ba shi labarin ranar da birki ya tsinke musu a gangare, mutumin ya yi dariya da rabin bakinsa har hawaye. Ƙarfe biyu ya dawo gida, ba wanda ya ce masa kanzil. Ya tsaya a falo ya kalli akwatin da 'yan fitilunsa masu ƙyaftawa, ya ce masa, "Munafuki, yau ka rubuta mu gani."

Makon farko Uwata har yabonsa ta yi. "Baba ka kyauta, haka nake so, ka huta." Shi kuma ya amsa da muryar salihai, yana danne dariya. Ya je ya sayi sabulu da sukari a wurin mai shago fiye da buƙatarsa, don wanke laifin zargin da ya yi masa.

A mako na biyu sai tambayoyin suka sauya.

"Baba, yau ka ɗan taka waje kuwa?"

Baba ya ce a ransa, tarko ne, yarinyar nan so take ta ji ta bakina. "Ina zan je, Uwata? Ina nan inda kika ajiye ni."

"Ko masallaci?"

"To, ƙafar ce sai a hankali."

"Abincin fa, kana ci?"

"Ana taɓawa."

Ta ce to, shi kuma ya ɗauka ta gamsu. Ranar hutunta ta zo da jikokin, ta auna masa jini, ta buɗe tukwane ta duba, ta riƙa satar kallon fuskarsa. Shi kuwa don ya ƙara wa wasan armashi sai ya langaɓe a kujera, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin jiki. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe, kamar za ta ce wani abu, sai ta fasa.

Abin mamaki, mutumin da ya fi kowa sanin cewa motar da ta kwana goma a tasha ba ta motsa ba sai an zo an tambayi lafiyarta, shi ne bai kawo wannan a ransa ba. Murnar ya tsere ta rufe masa ido. Ga shi kullum yana fita, har ƙafarsa ta ƙara ƙwari, kumatunsa sun ciko, amma a wayar Uwata sunan nan Baba yana nan daram, dare da rana, ko ƙyaftawa ba ya yi.

Ranar kwana na goma sha tara, da hantsi, yana tsugune yana yanke wa Saura Ɗaya farcen ƙafa, waya ta yi ƙara. Ya yi wa ƙanwar mutumin alama ta rage rediyo.

"Baba, kana ina?"

"Ina gida mana. Ga ni kwance."

Ya ji numfashinta kawai, har ya zaci layin ya yanke.

"Ni ma ina gida, Baba."

Ta kashe. Baba ya bi wayar da kallo. Saura Ɗaya ya kafe shi da ido ɗaya mai lafiyar, ya motsa baki da ƙyar, abin da ya fito bai wuce "je ka" ba. Bai taɓa ganin tsawon hanyar nan kamar ranar ba. A mota ta farko ya shirya faɗa: shi ba yaro ba ne, ba fursuna ba ne, wa ya ba ta izinin sa masa ɗan rahoto a gida? A mota ta biyu faɗan ya fara zubewa. Kafin ya iso ƙofar gida babu abin da ya rage masa sai kunya.

A tsakar falo ya ci karo da babban akwatin tafiya, a buɗe, babu komai ciki. Ƙofar ɗakin Malama a buɗe take. Uwata na zaune a bakin gadon, kwamfutar a kan cinyarta, fuskar allon na nuna hoton da Malama ta sa tun da daɗewa: su uku a gaban doguwar motar, Uwata tana 'yar shekara shida a kafaɗarsa. Ba kuka take yi ba, amma da gani ta riga ta yi.

"Wa ya yi maka wannan aikin?"

"Ni na sa a yi. Kada ki ga laifin kowa."

Ta gyaɗa kai. Ta ɗago wayarta ta nuna masa: ga sunan nan, Baba, ga ɗan kore a gefensa, wai yana gida.

"Kwana goma sha tara, Baba. Kullum in na idar da sallar asuba sai in ɗauki wayar nan in jira. Da, ƙarfe biyar da 'yan mintuna sunanka zai ɓace, in ce alhamdu lillahi, ya tashi, ya tafi masallaci da ƙafarsa. Sannan in iya haɗa wa yara abin karyawa. Faɗan da nake yi maka na dogon yawo daban, wannan daban. Sai kawai sunan ya daina motsi." Ta ajiye wayar a kan gado. "Haka Mama ta yi. Ka manta? Ta daina zuwa makaranta, ta daina fita tsakar gida, kullum ta ce tana nan lafiya, ƙafa ce kawai. Wata biyu muka ɗauka muna cewa hutawa take yi."

Baba bai manta ba. Kalmomin ma da ya riƙa faɗa mata a waya, ƙafar ce sai a hankali, ana taɓawa, na Malama ne, bai san ya ɗauko su ba.

"Na ɗauki hutu yau, na gyara maka ɗaki, na ce ko za ka tsine mini sai na tafi da kai, ba zan zauna ina kallo a karo na biyu ba. Na shigo ina kiran Baba, Baba, gida shiru, waya kuma ta ce kana ciki. Na duba banɗaki. Na duba bayan gado." Ta ɗago ta dube shi. "Ka san abin da na zaci zan gani?"

Garin neman gira ya kusa rasa ido. Ya zauna a kujerar Malama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, ya faɗa mata komai, tun daga mai shago har Injiniya, har inda yake zuwa.

"Kawu Saura Ɗaya?" ta ce, ta zaro ido. "Wanda yake ɗaga ni ya zaunar a kujerar gaba? Shi ne ba shi da lafiya ba ka faɗa mini ba?"

"Na ɗauko maganar, kika ce ko wa zan gani."

Suka zauna, kowa da nasa laifin a gabansa, iska na kaɗa ganyen lemon a bayan taga.

"Uwata," ya ce daga baya, "in kika kai ni benen nan, sunan zai zauna wuri ɗaya da gaske. Ni mota ce, in aka fake ni lalacewa zan yi. Amma abin da na sa kika gani yau, ban da bakin ba ki haƙuri."

Ta shafa gefen kwamfutar, inda hannun Malama ya goge fentin.

"Matar da ko ɗalibi ba ta taɓa ƙara wa maki ɗaya na ƙarya ba, ita ka sa ta yi kwana goma sha tara tana yi maka shaidar zur." Ta danna ta kashe, ta jira allon ya yi duhu, ta ɗauko ɗankwalin ta naɗe ta yadda take a da. "Ka bar Mama ta huta."

Sannan ta ɗauki wayarta, a gabansa ta taɓa sunan, ta goge. Ta juya masa allon ya gani, babu Baba, sai jerin baƙi marasa suna.

"Shi ke nan, na sallami ɗan rahoton. Ban tambaye ka ba na sa shi, wannan laifina ne." Ta miƙe ta gyara mayafi. "Amma ka sani, daga yau ba ni da yadda zan san ka tashi lafiya. Ranar hutuna kuma tare za mu je wurin Kawu, in ga magungunan da ake ba shi."

Ta rufe akwatin tafiyar ta ja shi zuwa mota. Yadda yake tangal-tangal a bayanta, kowa ya gani ya san babu komai ciki.

Washegari Baba ya farka kafin kiran salla. Ya yi alwala, ya sa hula, ya zo bakin ƙofa ya tsaya da makulli a hannu. Can ƙarshen gari, ya sani, akwai mai zaune a kan darduma da waya a hannu, ba ta da abin kallo. Ya lalubo lambarta ya kira. Ko ƙara ɗaya ba ta gama yi ba aka ɗauka.

"Uwata, mota za ta tashi."

Ya ji ta sauke numfashi, dogo, irin wanda aka daɗe ana riƙewa.

"Allah ya tsare hanya, Baba. In ka sauka ka kira ni."